Ina Ruwanmu da Jirgin Teku?

Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci. Duk wanda ya je, ya tsaya ya dubi kayan da aka baza. Ga shinkafa cikin buhu, ga sukari, ga ganyen shayi. Ga takin zamani, ga babura, ga tufafin gwanjo, ga fitilar hannu da batir. In ka tambayi mai kaya daga ina suka fito, zai ce maka daga Kwatano, ko Lome, ko Legas. Amma can ɗin ma ba nan aka yi yawancinsu ba. Jirgin ruwa ne ya ɗauko su daga Indiya, da Sin, da Tailan, da Turai.

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Ƙonni zuwa bakin teku ya fi kilomita dubu. Da yawa cikinmu za su tsufa ba su taɓa ganin jirgin ruwa da idonsu ba. Don haka wani zai ce, ina ruwanmu da labarinsa? To, ɗan'uwa mai karatu, fiye da shekara ɗari ke nan jirgin nan yana taɓa shanunmu, da gonakinmu, da tukunyarmu. Ya kawo mana alheri, ya kuma kawo mana ɓarna. Bari mu ɗauko labarin tun daga tushe.

Zamanin raƙumi da jaki

A zamanin kakanninmu, raƙumi da jaki da takarkari su ne ke ɗaukar kaya. Ayarin Abzinawa na saukowa daga arewa da gishiri da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Wasu ayarin kuma daga Tarabulus suke tasowa, su ratsa hamada ta Gat da Agadas har Kano. Su ne ke kawo takarda, da allura, da madubi, da alharini. Ƙasar Adar tana kan hanyar masu hawa da masu sauka. Wajen shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Wannan Illela ta Adar ce, ba Illelar Najeriya da ke kallon Ƙonni ba.

Ta kudu kuwa, fatake na tafiya Gwanja neman goro. Su tashi daga ƙasar Sakkwato da jakuna, su yi wata da watanni a hanya kafin su isa Salaga. Tafiyar akwai wuya, akwai ƴan fashi, akwai kuɗin fito a kowane gari. Amma raƙumi ba ya hayaƙi. Abin da jaki ya ci a hanya, taki yake mayar wa ƙasa. Kaya kaɗan ke zuwa, da tsada, kuma ba a yar da kome.

A shekarar 1852 wani kamfanin Ingila ya fara jigila da jiragen ruwa masu aiki da tururi tsakanin Ingila da bakin tekun Afirka ta Yamma. Jirgi ɗaya na ɗaukar abin da raƙuma dubbai ba za su ɗauka ba. Tun daga nan kasuwa ta fara juya baya ga hamada, ta fuskanci teku. Har fataken goro suka gane haka. Alhassan Ɗantata na Kano yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, maimakon bin tsohuwar hanyar jakuna. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai ayarin Tarabulus ya mutu murus.

Shekarar Sannu

Ɓarna ta farko mai girma da jirgin ruwa ya jawo mana, ba wanda ya ga shigowarta. A shekarar 1887 sojan Italiya suka sauke shanu daga jirgi a garin Masawa, a bakin Bahar Maliya, don abincinsu. Shanun nan suna ɗauke da ciwon bushiya. Shanun Afirka ba su san ciwon ba, jikinsu ba shi da kariya. Sai ya bi garke garke, ya ratsa Habasha da Sudan, ya wuce tabkin Cadi. Cikin 1890 da 1891 ya iso ƙasar Hausa. Wani Bafaranshe mai suna Montai, wanda ya biyo ta Sakkwato da Kano a lokacin, ya rubuta irin mutuwar shanun da ya tarar.

A wurare da yawa, cikin shanu goma, tara sun mutu. Bafillace ya kwana da garke, ya wayi gari da sanda kaɗai. Nono ya ɓace, mai ya ɓace, takin gona ya ɓace. Aka sa wa annobar suna Sannu, don gaisuwar jaje ce ta cika bakin kowa. Ciwon bai bar mu ba sai da aka yi ta yi wa shanu allura shekara da shekaru. Sai a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da shi daga duniya baki ɗaya.

Dubi nisan Masawa da Adar. Shanu kaɗan aka sauke daga jirgi, amma abin ya ci dukiyar nahiya guda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga sojan Faransa. Su ma jirgin ruwa ya sauke su a Senegal da bindigoginsu. A watan Mayu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Bayan shekara goma sha tara, a 1918, wani jirgi ya kawo muguwar mura garin Firitawun na Saliyo. Daga nan ta shiga Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa. Ita ce tsofaffi ke kira Marisuwa.

Gujiya da kaɗa sun tafi teku

Da Turawa suka zauna, sai suka ɗora haraji, wato lanho, kuma da kuɗinsu za a biya. Ina talaka zai sami kuɗin? Sai ya noma abin da jirgi ke so. A ƙasar Maraɗi da Damagaram gujiya ce kan gaba, wadda wasu ke kira gyaɗa. A nan wajenmu, cikin fadamar Majiya, kaɗa ta samu shiga, musamman da kamfanin CFDT ya fara aiki cikin shekarun 1950. An kafa injin gurzar kaɗa a Madawa.

Da farko ta Najeriya ake fitar da gujiyar Nijar. A kai ta Kano ko Ƙauran Namoda, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. Faransa ba ta so kayan ƙasar da take mulki su riƙa bi ta hannun Ingila ba. Don haka a 1953 ta buɗe wata hanya. Manyan motoci su kwashi gujiya daga Maraɗi, su ratsa Madawa, da Galmi, da Malbaza, da Ƙonni, da Doso, da Gaya, har Paraku a ƙasar Dahome. Daga Paraku jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. In motocin za su dawo, su ɗauko siminti, da mai, da kayan kanti. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukuma guda mai kula da wannan hanya. A 1965 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Dahome ita ce ake kira Benin tun 1975.

Cikin shekarun 1960 gujiya ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye. Mutane sun sami kuɗi. An sayi keke, an sayi rediyo, an yi aure. Amma ƙasa ce ta biya. Da can manomi na barin gona ta huta shekara da shekaru. Yanzu ba hutu. Aka sassabe daji, aka tumɓuke kalgo da sabara, aka matsa wa makiyaya. Gujiya kuma ba ta barin kome a gona. A tuge ta da saiwarta, a kwashe harawa, a bar rairayi tsirara ga iskar hunturu. Kowane buhu da ya shiga jirgi, ya tafi da ɗan ƙarfin ƙasarmu.

Sai fari ya zo a 1973. A 1975 kuma kuturtar gujiya ta gama da abin da ya rage. Kasuwar ta rushe, ta bar gonaki a gajiye.

Jirgin da ya kawo ceto

Kada mu yi wa jirgi butulci. Lokacin yunwar 1973 da 1974, hatsin taimako ta teku ya zo. An sauke shi a Kwatano da Legas, motoci suka hauro da shi. Tsofaffi na tuna jar dawar nan ta Amurka. Ba ta da daɗin tuwo, amma ta tsayar da rai. Haka aka yi a yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari, don ta zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta.

Injunan masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki cikin shekarun 1960, jirgi ya kawo su. Haka ƙarafan madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Haka injin ban ruwa na mai albasa a Galmi, da maganin asibiti, da allurar rigakafi, da takardar da kake karantawa. Ko itacen dogon yaro, wanda ke ba mu inuwa a kowane gari, asalinsa daga Indiya ne, ta teku aka kawo irinsa a zamanin Turawa.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani. Tan ɗaya buhu goma ne na kilo ɗari. Jirgin da ya ɗauko tan 30,000 na shinkafa, sai an sami tirela dubu masu ɗaukar tan talatin talatin kafin a kwashe shi. In aka raba man da jirgi ya sha a kan kowane buhu, za a ga ya fi mota sauƙin hayaƙi, ya fi jirgin sama nesa ba kusa ba. Shi ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi. Matsalar ita ce yawa. Jiragen kasuwa dubbai ne, dare da rana suna tafiya. Manyan cikinsu tsawonsu ya kai mita 400.

Baƙin mai a kan ruwa

Abin da ya fara tayar da hankalin duniya shi ne malalar mai. A watan Maris na 1967 wani jirgin dakon mai, Torrey Canyon, ya daki dutse kusa da Ingila. Wajen tan 120,000 na ɗanyen mai ya zube cikin teku. Tsuntsaye dubbai suka mutu, fikafikansu sun manne. Masunta suka rasa sana'a. A 1978 wani jirgin, Amoco Cadiz, ya fashe a bakin tekun Faransa da mai tan 220,000. A 1991 wani mai suna ABT Summer ya kama wuta ya nutse a tekun da ke yamma da Angola.

Ka tuna yadda ruwan tabki ke lalacewa in an wanke injin a cikinsa. Ɗan gazuwal kaɗan ya isa ya rufe fuskar ruwa, dabba ta ƙi sha. To, ka auna tan dubu ɗari.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukuma mai kula da jiragen teku, ana kiranta IMO, ofishinta na Landan. A 1973 ƙasashe suka yi yarjejeniyar hana ƙazantar da teku, mai suna MARPOL. An gyara ta a 1978, ta fara aiki a 1983. Ta hana wanke tankin mai a zuba dattin cikin ruwa yadda aka ga dama. Daga baya aka tilasta wa jiragen dakon mai su zama masu bango biyu, don in na waje ya fashe na ciki ya riƙe. Dokar ta yi amfani. Manyan haɗurra sun ragu ƙwarai in aka gwada da shekarun 1970. Amma ba su ƙare ba. A 2020 jirgin Wakashio ya hau dutse a tsibirin Morishus, ya zubar da mai wajen tan dubu a wurin da masunta ke kamun kifi.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani. Jirgin da ya sauke kaya ba ya iya tafiya wayam, sai ya ɗebi ruwan teku ya cika cikinsa don ya daidaita. In ya isa wata ƙasa, ya zubar. Cikin ruwan nan akwai ƙwayoyin cuta da ƙananan halittu. Su sauka baƙon wuri, su hayayyafa, su kori na gida. An yi dokar tace wannan ruwa a 2004, ta fara aiki a 2017. Haka kuma ƙwari na ɓuya cikin buhu. Wani ƙwaro mai huda masara a rumbu, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya, ya bayyana a Togo a farkon shekarun 1980, ya bazu zuwa ƙasashen maƙwabta. Labarin Sannu ne ya sake dawowa da wata riga.

Ita kanta tashar jirgi tana da nata laifi. Katangar da aka gina cikin teku a Kwatano da Lome ta tare rairayin da igiyar ruwa ke kawowa. Sai teku ya shiga cin ƙasar da ke gabas da tashar. Gidaje da hanyoyi sun faɗa ruwa. Tashar da ke sauke mana shinkafa, ita ta raba wasu bayin Allah da muhallinsu.

Juji a ƙofar gidan talaka

Masana'antun Turai na fitar da datti mai guba. Kawar da shi a can akwai tsada, don doka ta yi tsanani. Sai wasu ƴan kasuwa suka ga araha ita ce a loda shi a jirgi a kawo Afirka.

Cikin 1987 da 1988 jirage suka sauke durom durom na guba daga Italiya a wani ƙaramin gari mai suna Koko, a kudancin Najeriya. Nauyinsu ya kai wajen tan 3,800. An ajiye su a filin wani mutum, ana biyansa dalar Amurka ɗari a wata. Bai san abin da ke ciki ba. Rana ta buga, durom suka kumbura, suka fara yoyo. A watan Yuni na 1988 asiri ya tonu. Gwamnatin Najeriya ta kira jakadanta daga Italiya, ta tsare wani jirgin ƙasar, har sai da aka zo aka kwashe dattin. Ma'aikatan da suka yi lodin, wasu sun ƙone, wasu sun kwanta asibiti.

Wannan ya sa duniya ta yi yarjejeniyar Bazil a 1989. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta isa ba. A watan Janairu na 1991 suka taru a Bamako, suka haramta shigo da datti mai guba cikin nahiyar kwata kwata.

Duk da haka, a watan Agusta na 2006 wani jirgi mai suna Probo Koala ya sauke dattin mai a Abijan. Motocin tanki suka bi dare suka zubar da shi a wurare dabam dabam cikin birnin. Gari ya waye da wari mai hawa kai. Mutane wajen 100,000 suka je neman magani, aƙalla 15 suka mutu. Kamfanin Trafigura, wanda ya yi hayar jirgin, ya biya gwamnatin ƙasar dala miliyan 198 a 2007, amma bai amsa laifi ba. Mu tuna Abijan ba baƙon gari ba ne gare mu. Samarin Adar nawa ne ke can ci rani? Gari nawa ne a Illela da Tawa ke jiran saƙo daga can?

Wani dattin kuma ba a ɓoye yake zuwa ba, da sunan kaya yake zuwa. Tsofaffin motoci da aka gaji da su a Turai, a sauke su Kwatano, a koro su har Ƙonni. Tsohon firiji, tsohuwar talabijin, batir mai kwana uku. Wasu na da amfani, talaka na samun sauƙi. Wasu kuwa ba su daɗe ba sun zama juji a bayan gari. Ga leda, wadda ke toshe magudanar ruwa, ta cika cikin akuya har ta rame ta mutu. Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, amma kowa na ganin yadda take rataye a kan ƙaya. Araha ba ta ado.

Hayaƙin da ke taɓa damina

Manyan jirage sun daɗe suna shan wani baƙin mai mai kauri, gurɓin da ya rage bayan an tace fetur da gazuwal. Yana da araha, amma cike yake da farar wuta. Hayaƙinsa na kawo ciwon ƙirji ga mazauna bakin teku. Daga ranar 1 ga Janairu 2020 doka ta rage farar wutar da aka yarda da ita cikin man jirgi, daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa rabin kashi ɗaya.

Akwai kuma iskar da ke fita daga duk abin da aka ƙona, gawayi ko mai. Ba a ganinta, ba ta da wari. Tana taruwa a sama ta riƙe zafin rana, kamar bargo. A lissafin hukumar IMO, a shekarar 2018 jiragen ruwa sun fitar da fiye da tan miliyan dubu na irin wannan iska. Wato kusan kashi 3 cikin 100 na abin da duniya duka ta fitar. Iska ba ta san iyaka ba, ba ta tsayawa wurin duwan. Duniya na ƙara zafi, damina na rikicewa. Wata shekara ruwa ya ɗauke ana tsakar bunƙasa. Wata shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, gidajen laka suka rushe, gonaki suka nutse. Ba jirgi kaɗai ke da laifi ba, masana'antu da motoci sun fi shi. Amma yana da nasa kaso. Manomin Malbaza kuwa, wanda bai ƙona kome ba sai kara, yana cikin masu biyan bashin.

A 2023 ƙasashen da ke cikin IMO suka yi alkawarin kawo ƙarshen wannan hayaƙi wajen shekarar 2050. Ana gwada dabaru. Jirgi ya rage gudu, sai ya rage shan mai. Ana gwada sabon mai marar datti. Wasu ma sun koma ga iska. A 2023 wani jirgin dakon hatsi mai suna Pyxis Ocean ya fara tafiya da manyan fikafikai a kansa, iska na tura shi kamar jiragen da. Sai dai wa zai biya kuɗin gyaran? A watan Oktoba na 2025 aka taru a Landan don a tabbatar da dokar sa wa masu hayaƙi tara. Ba a daidaita ba, aka ɗage maganar. Ƙasashe irin namu na da abin tsoro ta fuska biyu. In ba a gyara ba, damina ta ƙara lalacewa. In an gyara aka ɗora kuɗin kan kaya, buhun shinkafa ya ƙara tsada a Ƙonni.

Mu ma muna da kaya a teku

Kada mu ɗauka mu ƴan kallo ne kawai. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Shekara da shekaru ana zuba shi cikin durom, motoci su sauko ta Tawa, su hau babbar hanya a Tsarnawa, su wuce Ƙonni zuwa Kwatano, jirgi ya kai shi Faransa. Bayan haka aka shimfiɗa bututun mai daga Agadem. Ya ratsa jihohin Difa, da Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, da Doso, har Seme a bakin tekun Benin. Tsawonsa kusan kilomita 2,000. A watan Mayu na 2024 jirgi na farko ya yi lodin man Nijar. In irin wannan jirgi ya fashe, man ƙasarmu ne zai kashe kifin wasu. In bututu ya fashe a tudu, gonarmu da rijiyarmu ce za su sha.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in hanyar teku ta toshe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki. Kaya suka maƙale a Kwatano. Tireloli suka yi layi. Shinkafa da magani suka yi tsada, albasa ta ruɓe a hannun manoma. Aka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina. Wannan ya nuna mana cewa wanda tukunyarsa ke jiran jirgi, ba shi da tabbacin kalaci.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da ikon tsayar da jirgi a teku. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Kada ka sayi durom ko jarka ka zuba ruwan sha, in ba ka san abin da aka fara zubawa ciki ba. Wanki ba ya fitar da kowace guba. Kada yara su yi wasa da mataccen batir, kada a jefa shi kusa da rijiya. Uwargida ta je kasuwa da kwando ko ƙwarya, ta rage karɓar leda. In ka sayo dabba daga nesa, ka ware ta kwanaki, ka nuna wa malamin dabbobi kafin ta shiga garke. In ka ga baƙon ƙwaro a rumbu, ka kai wa malamin gona. Rigakafi ya fi magani.

Mu riƙe abin da ƙasarmu ke bayarwa. Gero da dawa da wake ba su hau jirgi ba. Simintin Malbaza daga dutsen Malbaza ake yin sa. Albasar Galmi ta yi suna har Akra da Abijan. Takin gida na gyara ƙasa fiye da shekara ɗaya. A fadamar Majiya, wajen Buza, tun 1975 manoma suka dasa layukan dogon yaro don tare iska, kuma gonakin da ke tsakaninsu sun gyaru. A ƙasar Maraɗi manoma sun koma barin kututture ya tofo a gona, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo da kalgo sun dawo inda gujiya ta kore su.

Kai kuma da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunka zai yi aiki. Mutumin Koko bai san abin da aka ajiye masa a fili ba. Kai ka iya dubawa. In buhu ko kwalba ta shigo gidanka, juya ta ka karanta. Daga wace ƙasa ta fito? Yaushe aka yi ta? Yaushe za ta lalace? Akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikinta? In akwai, guba ce, a nisanta ta da abinci da yara. In ka karanta, ka gaya wa maƙwabcinka wanda bai iya ba tukuna.